Zauren Babana Da Ƙofar Jakada

  Yau wata magana ce na kawo wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Magana ce ta manya, ta janar-janar da jakadu da shugabannin ƙasashe, waɗanda ni malamin firamare ban taɓa haɗa inuwa da ko ɗayansu ba. Amma na lura duk ta inda na ɗauko ta, sai ta komo da ni zauren mahaifina, Allah ya jiƙansa. Saboda haka a yi haƙuri da ni in an ga ina kai da kawowa tsakanin wuraren nan biyu.

Daren Laraba 30 ga Satumba 2015 muna zaune a ƙofar gidan wani maƙwabcina a nan Zongo, ana dafa shayi, rediyo na tsakiyarmu. Kwana shida ke nan da Babbar Salla, salla ce kuwa da aka yi ta zuciya ba a kwance ba. Wanda bai manta ba ya san ran 16 ga watan ne sojojin tsaron fadar shugaban ƙasa, watau RSP, suka kutsa taron ministoci a Kosyam, suka kame Shugaba Michel Kafando da Firayim Minista Isaac Zida, washegari aka ce Janar Gilbert Diendere ne shugaba. Mutum 14 suka rasu, fiye da 250 suka jikkata. Mako guda abin ya yi. Jama'a suka tare hanyoyi, sojojin larduna suka doso birni, aka je gaban Moro Naba aka sa hannu a takarda, aka mai da Kafando kujerarsa. Ran Talata 29 ga wata aka yi wa barikin Naba Kom ruwan wuta. To, a daren da nake ba ku labari sai rediyo ta tabbatar da abin da ake ta raɗe-raɗinsa tun safe, cewa Janar ya shige gidan jakadan Paparoma a Waga 2000, sojoji sun kewaye gidan amma ba su shiga ba.

Wani saurayi wanda na taɓa koyarwa a aji shida ya miƙe tsaye ya ce, "Mushe, don Allah gidan nan a Roma yake ko a Wagadugu? A shiga a fito da shi mana!" Sauran samari suka ɗauka, kowa na faɗin abin da zai yi wa Janar in an ba shi shi minti biyar. Ban tanka ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata tana tare da su ɗari bisa ɗari. Ni ma na kwana a ƙasan gado da 'ya'yana a makon nan, ni ma na ga yaron da aka ɗauko a kan babur jini na bin ƙafarsa. Sai da na koma gida na kwanta, barci ya ƙi zuwa, sa'an nan wani abu da na gani ina ɗan shekara tara ya faɗo mini.

A Zangwetin aka haife ni, tsohon zangon Hausawa da ke tsakanin babbar kasuwa da filin jirgin sama, kafin a tashi unguwar a 2003. Mahaifina mai masauki ne. Fataken goro da masu shanu da 'yan koli daga Maraɗi, da Birnin Ƙonni, da Sakkwato, da Kumasi, a zaurensa suke sauka, ya ajiye musu kuɗinsu, ya tsaya musu wajen ciniki, in rigima ta taso shi ke shiga gaba. Wata rana da azahar muka ji ihu daga bakin titi, "Ɓarawo! Ɓarawo!" Kafin mu ankara sai ga wani matashi ya faɗo zaure, rigarsa a yage, goshinsa a fashe, ya kama ƙafar Baba ya ƙanƙame. Ba mu san shi ba, ko Hausa ba ya ji sosai. A bayansa ga mutane sun fi hamsin, da sanduna da duwatsu.

Baba ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa. Ba shi da ko wuƙar yankan farce. Ya ce, "Samari, lafiya?" Suka ce, "Alhaji, ɓarawo ne, keke ya sata, ba mu shi." Ya ce, "In ya sata akwai hukuma. Amma ya riga ya shigo gidana, wanda zai taɓa shi sai ya fara taka ni." Ya aiki yayana ya kirawo mai unguwa, aka aika komisariya. Ya sa aka ba yaron ruwa, aka wanke masa goshi. Ya tsaya a ƙofar nan cikin rana har la'asar ta kusa, ana zaginsa da yare uku, bai gusa ba sai da 'yan sanda suka zo ya damƙa musu shi hannu da hannu. Daga baya aka tabbatar yaron shi ya ɗauki keken, aka ɗaure shi wata shida. Da dare na ce, "Baba, ashe ɓarawon ne." Ya ce, "Na sani tun da na ga idonsa. Ban ce ba shi da laifi ba, cewa na yi ba a zaurena za a kashe shi ba." Sa'an nan ya ba mu labarin Najjashi sarkin Habasha, wanda Ƙuraishawa suka aika wa jakadu da kyaututtuka don ya maido musu Musulmin da suka yi hijira zuwa ƙasarsa, ya ce ba zai ba da mutumin da ya zaɓi maƙwabtakarsa ba sai ya ji ta bakinsa. Baba ya ce, sarkin nan ba Musulmi ba ne a ranar, amma ya san haƙƙin baƙo.

Da na tuna wannan sai kunya ta kama ni. Ashe abin da jakadan Paparoma ke yi a daren nan shi ne abin da Baba ya yi, ni kuwa ina cikin masu sanduna.

Bari in ɗan yi aikina na malanta a nan, don akwai kuskuren da nakan ji a bakin mutane da yawa, har da masu ilmi. Ana cewa wai ofishin jakadanci yanki ne na ƙasar da ta aiko jakadan. Ba haka ba ne. Gidan jakadan Paparoma a Waga 2000 ƙasar Burkina ce, kamar yadda zauren Baba ƙasar Moro Naba ce. Abin da ke akwai shi ne yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Biyana cikin 1961, wadda sashenta na 22 ya ce jami'an ƙasa ba za su shiga harabar jakadanci ba sai da iznin jakada, kuma wajibi ne a kansu su tsare wurin daga masu kai hari. Amma yarjejeniyar ba ta ba jakada ikon fitar da wanda ya fake gare shi zuwa waje ba. Watau ba a shiga a kamo ka, kai kuma ba ka fita. Ƙasashen Latin Amurka ne kaɗai suka yi wa abin doka tasu ta musamman, saboda yawan juyin mulkin da suka sha. Ko can ɗin, wani ɗan siyasar Peru mai suna Haya de la Torre ya shiga ofishin jakadancin Kolombiya a Lima a 1949, aka kai magana har Kotun Duniya, kotu ta yi hukuncin da bai buɗe ƙofa ba bai kuma rufe ba, bawan Allah bai fito ba sai 1954.

Namu bai kai haka ba. Ran Alhamis 1 ga Oktoba, bayan masu shiga tsakani, cikinsu har da tsohon Shugaba Jean-Baptiste Ouedraogo, sun karɓo alkawarin ba za a taɓa ransa ba, aka fito da Janar aka miƙa shi ga jandarmomi. Aka yi shari'a a fili, a Satumba 2019 aka ɗaure shi shekara 20. Aka sake gurfanar da shi a shari'ar kisan Thomas Sankara da mutum 12 da aka kashe tare da shi ran 15 ga Oktoba 1987, ran 6 ga Afrilu 2022 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Jama'a, da an biye wa samarinmu, da kuma zuciyata, a daren nan, da wa za a tsayar a gaban alƙali ya amsa tambayoyin da ƙasar nan ta yi shekara 34 tana jira? Gawa ba ta amsa tambaya. Kuma ga wani abu da masu fushi suka manta: kwana takwas kafin Janar ya ƙwanƙwasa ƙofar Paparoma, ran 21 ga Satumba, shi kansa Shugaba Kafando a gidan jakadan Faransa ya fake bayan ya fito daga hannun RSP. Irin ƙofar da ta tsare wanda aka zalunta ita ce ta tsare wanda ya yi zaluncin. In ka ɓalle ta yau don maƙiyinka, gobe naka ba shi da wurin shiga.

Da a nan maganar ta tsaya da na ajiye alƙalami ina murna. Amma ba nan ta tsaya ba.

Shekara guda kafin wannan, ran 31 ga Oktoba 2014, Blaise Compaore ya sauka daga mulki bayan shekara 27, washegarin ranar da jama'a suka ƙone majalisa don hana shi taɓa sashe na 37 na tsarin mulki. Jerin motocinsa ya nufi kudu, wajen Po. Bai nemi zauren kowa ba, sama aka zo aka ɗauke shi, ya sauka Yamusukuro. Shugaban Faransa na lokacin, François Hollande, da bakinsa ya amsa cewa ƙasarsa ta taimaka wajen fitar da shi, wai don kada a zubar da jini. To, mu ce haka ne. Amma Baba da ya tsare ɓarawon keke hukuma ya kira, bai fitar da shi ta bayan gida ya sa shi a mota ba. Kotun sojanmu ta ba da takardar kamo Compaore a Disamba 2015, a farkon 2016 sai muka ji ashe an ba shi takardar zama ɗan ƙasar Kodibuwa. Hukuncin rai da rai da aka yanke wa Diendere, a rana guda aka yanke masa shi ma, amma a bayan idonsa. A Yuli 2022 ya zo Wagadugu bisa gayyatar Laftanar Kanar Damiba, ya kwana, ya koma, ba wanda ya ce masa kanzil. Laifi ɗaya, kotu ɗaya, rana ɗaya; ɗaya na kurkuku, ɗaya kuwa hukuncinsa takarda ce kawai. Bambancinsu shi ne girman wanda ya buɗe wa kowannensu ƙofa.

Wannan ne ya ɓata sunan mafaka a idon yaranmu. Shi ya sa ran 1 ga Oktoba 2022, washegarin da Kyaftin Ibrahim Traore ya kifar da Damiba, da aka baza cewa Faransawa sun ɓoye shi a sansaninsu na Kamboinsin, matasa suka cinna wuta a bakin ofishin jakadancin Faransa, suka farfasa cibiyar al'adunta. Faransa ta musa, Damiba kuwa Lome ya nufa. Ban yarda da abin da aka yi ba, na kuwa faɗa wa wanda na isa in faɗa wa, don a ɗakin karatun cibiyar nan na fara riƙe littafin da ba na lakwal ba. Amma ban yi mamaki ba. Yaron da ya ga 2014 da idonsa, da me za ka rantse masa ya yarda? Shi ma Damiba zamansa a Togo bai ɗore ba, a Janairu 2026 aka maido shi gida. Inuwar ƙaramin maƙwabci iyakarta ke nan.

Yanzu sai in koma zaure, in faɗi rabin labarin da ba na son faɗa. Kamar shekara biyu bayan maganar keke, wani baƙo ya sauka wurinmu, mutum mai natsuwa, mai yawan karatu, ba fatake ba ne. Ya yi mako uku ba ya fita sai masallaci. Wani dare, ana tsakiyar sanyi, mota ta tsaya a ƙofa, mutum huɗu suka sauko da bindigogi. Ba su yi ihu ba, ba su yi zagi ba. Baba ya fito ya tsaya a daidai wurin da ya tsaya wancan karo, ya faɗi irin maganar da ya faɗa. Babbansu ya dube shi ya ce, "Tsoho, matsa." Ya sa bakin bindiga ya kawar da shi gefe kamar labule. Baƙon da kansa ya fito, ya ce, "Alhaji, bar su, ka yi iyakar naka." Ya miƙa wa Baba wata jakar fata ya ce ya ajiye masa. Suka tafi da shi. Baba ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ba da labarin daren nan ba, alhali na keke yakan maimaita shi duk sa'ad da aka taru. Mutum ɗaya, ƙofa ɗaya, gaskiya ɗaya. Ta tare mutum hamsin masu sanduna saboda suna jin kunyarsa, ta kasa tare mutum huɗu saboda su ba wanda zai tambaye su.

Da na girma na shiga karance-karance sai na tarar duniya ma haka take. A birnin Budafes na ƙasar Hangari, ran 4 ga Nuwamba 1956, da tankokin Tarayyar Sobiyet suka shigo, manyan mutane biyu suka gudu neman mafaka. Babban limamin Katolika, Kadinal Mindszenty, ya shiga ofishin Amurka. Firayim Minista Imre Nagy ya shiga na Yugoslabiya. Na farko ya zauna shekara 15 ba wanda ya taɓa shi, ya fita lafiya a 1971. Na biyu aka ba shi alkawari a rubuce cewa ya fito ya tafi gida, da ya fito ran 22 ga watan sai sojojin Sobiyet suka tare motar, a 1958 aka rataye shi. Gari ɗaya, rana ɗaya. Na kawo wannan ne musamman don 'yan'uwana masu zaton zalunci na da launin tuta guda, in an sauya ubangida an huta.

Ita kuma Amurka, wadda ƙofarta ta tsare Kadinal, ita ce ta garzaya Kotun Duniya tana kuka da yarjejeniyar Biyana sa'ad da ɗaliban Iran suka mamaye ofishinta a Tehran a 1979, suka riƙe mutum 52 kwana 444. Gaskiya ce da ita a ranar, kotu kuma ta ba ta. To amma a dubi abin da ta yi bayan shekara goma. Ran 20 ga Disamba 1989 ta afka wa Panama don kamo Janar Manuel Noriega, mutumin da ya daɗe yana karɓar kuɗin hukumar leƙen asirinta kafin su ɓata. Ran 24 ga wata ya shige gidan jakadan Paparoma, irin gidan da Janar namu ya shiga. Sojojin Amurka suka kewaye gidan, suka kafa manyan lasifikoki suna ta kwarara kiɗa dare da rana, har Fadar Paparoma ta yi ƙorafi. A cikin kwanakin nan kuma suka kutsa gidan jakadan Nikaraguwa suka bincike shi, daga baya aka ce kuskure ne. Ran 3 ga Janairu 1990 Noriega ya fito. Ba kotun Panama aka kai shi ba, jirgi aka sa shi sai Miyami. A nan bambancin yake da namu: Diendere alƙalan ƙasarsa suka yi masa shari'a, gaban iyalan waɗanda aka kashe. Shi kuwa wancan, wanda ya kama shi ne mai ƙara, shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali.

Kusa da mu ma an yi. A Agusta 2003, don a kashe wutar yaƙin Laberiya, Shugaba Obasanjo ya karɓi Charles Taylor ya saukar da shi a Kalaba. Mutanen Wagadugu ba sa bukatar a gaya musu wane ne Taylor, ko ta ina ya bi kafin ya shiga daji a 1989. Ba na zubar masa da hawaye ko ɗigo, abin da aka yi wa mutanen Saliyo ya wuce a faɗa. Amma a lura da yadda abin ya ƙare. Majalisar Amurka ta sa ladan dala miliyan 2 a kansa yana cikin amanar Nijeriya. A Maris 2006, da Laberiya ta nemi a ba da shi, sai aka wayi gari ya ɓace daga Kalaba, daidai lokacin da Obasanjo ke kan hanyar Washinton don ganin Shugaba Bush. Ran 29 ga wata, ranar ganawar, aka cafke shi a Gamboru kan iyakar Kamaru. A 2012 aka ɗaure shi shekara 50. Ya cancanta. Tambayata ita ce, waɗanda suka matsa sai an ba da shi, wace kotu ce ta isa ta kira nasu? Amurka ba ta cikin kotun hukunta manyan laifuffuka ta duniya, a 2020 ma takunkumi ta sa wa babbar mai gabatar da ƙarar kotun, Fatou Bensouda 'yar Gambiya, saboda binciken abin da ya faru a Afganistan.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Yuli 2013. Shugaban Bolibiya, Evo Morales, yana komowa daga Mosko a jirginsa na shugaban ƙasa, sai aka yi zargin wai ya ɗauko Edward Snowden, matashin da ya tona asirin yadda Amurka ke sauraren wayoyin duniya. Nan take wasu ƙasashen Turai, cikinsu har da Faransa, suka hana jirgin ratsa samaniyarsu, dole ya sauka a Biyana ya kwana a filin jirgi. Snowden kuwa ba ya ciki. A Biyana fa, garin da aka rubuta dokar. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, tsoron ɓacin ran babba kawai ya sa ƙasashe masu ji da kansu suka tare shugaban wata ƙasa a sama kamar direban da ba shi da takardu.

Haɗarin da nake hange ba a zaluncin babba kaɗai yake ba, a koyi da shi yake. Mu malamai mun san wannan: in babban aji ya tsallake katanga ba a hukunta shi ba, kafin ƙarshen mako 'yan aji ɗaya ma sun fara gwadawa. Ƙasar Ekwado ta riƙe Julian Assange a ofishinta na Landan daga 2012 har 2019, tana ta jawo ayar yarjejeniyar Biyana ga Ingila. Ran 5 ga Afrilu 2024 ita ce da kanta ta tura 'yan sanda suka fasa ofishin jakadancin Meziko a birnin Kito, suka fito da tsohon mataimakin shugabanta Jorge Glas wanda aka riga aka ba mafaka. Ran 3 ga Janairu 2026 kuma, shekara 36 cif da ranar da Noriega ya fito, sojojin Amurka suka shiga Karakas da dare suka ɗauke Nicolas Maduro zuwa Niyok. Wannan karon ko zancen ƙofar jakada bai taso ba, ƙasar ce ɗungurungum aka kawar gefe kamar labule.

Wani zai ce, Mushe, mu ina ruwanmu? Mu da ba mu da janar ba mu da jirgi? Ni kuwa gani nake ba wanda abin ya shafa kamar mu mutanen zango. Kakanninmu ba da bindiga suka zauna a ƙasar Mosi ba, da haƙƙin baƙo suka zauna: sarki ya nuna musu fili, ya ce ku a ƙarƙashina kuke, ba mai taɓa ku. Duk abin da muka mallaka a kan wannan kalma aka gina shi. Mun kuma ga abin da kan faru in aka janye ta. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita, zangunan Kumasi da Akara suka yi kuka. A 1983 Nijeriya ta yi wa nata baƙin haka. A 2002 da yaƙi ya ɓarke a Kodibuwa, mun ga motocin da suka riƙa sauke 'yan ƙasar nan, wasu ko sunan ƙauyen kakansu ba su sani ba. Wanda yake tsiraru ba shi da wani makami sai doka da kunya. In duniya ta saba da cewa alkawari na aiki ne kawai a kan wanda ba shi da ƙarfin karya shi, to in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya kamata ka yi wa naka.

Ga kuma waɗanda ba su da jakadan da za su ruga wurinsa. A ƙidayar hukuma ta Maris 2023, mutum fiye da miliyan 2 ne rashin tsaro ya raba da gidajensu a ƙasar nan. A ajina akwai yara daga Jibo da Arbinda da Barsalogo. Ba helikwafta da ta zo ɗaukarsu. Wani magini Bamoshe a layinmu, mai ɗaki biyu da rumfa, shi ya sauke mutum tara daga cikinsu, bai tambaye su takarda ba. Saurayin nan da ya ce a shiga gidan Paparoma a fito da Janar, yanzu magidanci ne, shi ke kai musu ruwa a baro duk safiya kafin ya wuce garejinsa. Mun taɓa tayar da tsohuwar maganar ni da shi. Ya ce, "Mushe, na yarda gara da ba a shiga ba. Amma na Abijan fa?" Na ce masa zuba mana shayin.

Jakar fatar nan kuwa tana nan. Baba ya rataye ta a ƙusa cikin zaure, bai buɗe ba, bai yarda kowa ya buɗe ba. Duk fataken da suka sauka sai ya kwatanta musu mai ita, ko wani ya gan shi a wani gari. Da zai rasu ya kira yayana ya nuna masa ita da hannu. Da aka tashi Zangwetin a 2003, muka loda kaya a amalanke, mahaifiyata ta ƙi yarda a haɗa ta da sauran komatsai, a cinyarta ta riƙo ta har nan Zongo. Yanzu a ɗakina take, a bayan ƙofa. Fatar ta bushe ta tsattsage, igiyar ma na sauya ta sau biyu. Duk shekara in damina ta ɗauke uwargidana kan fito da ita ta kakkaɓe, ta shanya ta a rana, ta mayar.